Jaririn da ake sanyayawa da gangan: saƙo daga Ingila

Yaya, sallama. Ya Birnin Kebbi, ya zafin bazara? Ki gaishe min da Inna da yara. Busasshen kifin Argungu ya iso, na kasa shi uku ina lallaɓawa, don kifin kantunan nan sai kyaun ido, a baki lami.

Kin tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a sashen jariran da nake aiki. Ke ungozoma ce, kin san jaririn doguwar naƙuda da yake fitowa laƙwas, babu kuka, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa. Mu a gida zani muke ƙara masa. Nan tuɓe shi ake yi, a kwantar da shi kan wata katifa da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinta, a saukar da zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 har awa 72, don a rage raunin da ƙwaƙwalwar za ta samu. Dole a fara kafin ya cika awa 6 da haihuwa, kuma jaririn da ya kai kusan mako 36 a cikin uwa ake yi wa. Ranar da na fara gani, wallahi hannuna ƙaiƙayi yake in ɗauko bargo. Iyaye kuwa ko sisi ba sa biya.

Katifar ba ita ce wahalar ba, maganin ne. Jariri yana jin sanyin, yana makyarkyata, kuma wannan wahala tana iya rage amfanin aikin, shi ya sa ake ba shi mofin, maganin rage raɗaɗi, kaɗan-kaɗan ta injin da ke tura allura a hankali. To amma sanyi yana sa hanta nawa wajen narkar da magani, ga ƙodar da rashin iskar nan ya riga ya taɓa. Sai mofin ɗin ya riƙa taruwa a jini. Adadin da jariri mai ɗumi zai fitar lafiya lau, wannan a kwana na biyu ko na uku sai ki ga numfashinsa ya yi ƙasa, fitsari ya tsaya a mara. Don haka likita ragewa yake yi, mu kuma ido na kan allo. Maganin midazolam, da ake ƙarawa idan jijjiga ta ƙi jin maganinta na farko, fenobabiton, yana iya karya hawan jini. Akwai wani, deksmedetomidin, da wasu asibitoci suka koma wa saboda bai cika danne numfashi ba, sai dai yana rage bugun zuciya, alhali sanyin kansa ya riga ya saukar da shi ƙasa da 100 a minti. Har jentamaisin ɗinmu da kika sani, allurar kashe ƙwayoyin cuta, duk awa 36 ake yi maimakon 24. Idan kwana ukun suka cika kuma ba a ɗumama shi gaba ɗaya, rabin digiri ne a awa, a lokacin ma jijjiga kan dawo.

Nas ɗaya, jariri ɗaya. Injin numfashi na gefen gado, ana duba jini dare da rana, wuta ba ta ƙiftawa. Na tuna daren da ni da ke muka karɓi haihuwa da fitilar waya, janareta babu mai.

Wannan ne dalilin da ban goyi bayan maganarki ta jera wa jariri ledojin ruwan sanyi ba. An gwada sanyayawar da injina na gaske a Indiya da Bangaladash da Siri Lanka, a kan jarirai 408, sakamakon ya fito a 2021: bai rage mutuwa da nakasa ba, mutuwar ma ta fi yawa a cikin waɗanda aka sanyaya. In da ni ce da kuɗin ƙungiyarku, jakar hura wa jariri iska zan saya kowane ɗakin haihuwa, da abin auna sukari, da motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye tun da rana. Ki kuma lura kada zafin jikinsa ya wuce kima, wannan kam yana ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni.

Jakunkunan na saya guda 4, masu ƙaramin murfin fuska. Zan ba mai zuwa gida bayan sallah, ki faɗa min ko Abuja za a karɓa ko Sakkwato.