Kafin ka sayi kayan ɗaukar waƙa a ɗaki a Legas

Tun 1979, lokacin da kamfanin TEAC ya fito da na'urar Portastudio mai ɗaukar layin sauti huɗu a kan kaset, mawaƙa suka fara aiki a gida. A ƙarshen shekarun 1990 manhajar haɗa kiɗa ta FruityLoops ta zo daga Beljiyam, kiɗa ya koma cikin kwamfuta. Yau ɗan Agege ko Idi-Araba zai iya haɗa situdiyo a kusurwar ɗaki. Sai dai kafin ka hau mota zuwa Alaba, kasuwar kayan lantarki, rufe ƙofa ka saurari ɗakinka: janaretan maƙwabci, hon ɗin danfo, fankar sama. Wannan hayaniyar ce za ta zaɓar maka makirfo.

Mai shago zai fara miƙo maka nau'in makirfon da ake kira kwandensa, irin su Audio-Technica AT2020, domin shi ake gani a bidiyo. Muryarsa garau ce, ba musu, amma kunnensa ya yi yawa. Har kukan yaro a gida na uku sai ya kwaso, kuma yana buƙatar wutar 48V daga sawun kad, wato na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta. Ni dai a gidan haya na Legas na fi yarda da nau'in da ake kira dainamik, irin Shure SM58, wanda ke kasuwa tun 1966. Ka matso da baki kusa da shi, muryarka ta danne ƙarar waje. Matsalarsa ɗaya, jabunsa ya yi yawa. Ka sa a jona maka shi a shagon, ka sa hedifon, ka murza shi a hannu. Idan motsin yatsunka na shiga kunnenka kamar ana jan buhu, ajiye musu kayansu.

Makirfon da ke shiga kwamfuta kai tsaye ta USB ya fi arha, ya kuma ishi mai karatu ko wa'azi. Mawaƙi kuwa gara ya sayi sawun kad. Behringer UM2 ta talaka ce, tana aiki. Focusrite Scarlett Solo makirfo ɗaya take ɗauka, 2i2 kuma biyu. Idan kana da niyyar zaunar da mai kalangu ko mai gurmi a gefenka, daure ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai biyun.

A wajen manhaja ne mutane ke ƙona kuɗi. Audacity kyauta ce, ta iya ɗaukar murya da yanka ta, amma ba ta haɗa kiɗa ba ce. FL Studio, wato FruityLoops ta da, saye ɗaya ake yi, sabuntawa kyauta har abada. Sai dai mafi arharta, Fruity, ba ta ɗaukar murya daga makirfo, sai ka haura zuwa Producer. Reaper dala 60 ce ga mai ƙaramin aiki, kuma za ka gwada ta kwana 60 kafin ka biya.

Kwamfuta ta hannu, ko 'yar kwatano ce daga Computer Village a Ikeja, ta wadatar muddin tana da RAM 8GB da SSD. Ka fi matsa wa batirinta lamba, domin idan ana kan janareta caja kan shigo da wani gurnani cikin sauti, kuma sau da yawa zare ta ne magani. Sifika ta jira tukuna. Hedifon mai rufe kunne ruf, da bargo mai kauri rataye a bayanka, sun isa ka ɗauki waƙarka ta farko.