Injin ƙyanƙyasar ƙwai mai cin 64: yadda ya yi min a zafin Sakkwato

Jama'a masu kiwon kaji da agwagi a bayan gida, wanga ƙaramin inkubeta da ake ta talla, mai cin ƙwai 64 wanda ke aiki da wuta kuma yana aiki da batir, na saye shi na yi aiki da shi cikin hunturu da bazara da damina, to bari in faɗi abin da na gani tsakani da Allah. Injin yana aiki, ba ƙarya, amma wanda ya ƙera shi bai san Sakkwato ba.

Jikinshi roba ne, akwai ƴar fanka da hita a murfi, ƙasa kuma wasu rola ne da ke juya ƙwai da kansu, sai wurin zuba ruwa. Juyin nan shi ne abin da ya fi burge ni don da hannu ba ka iyawa, kana kasuwa ko wurin aiki wa zai tsaya yana juya maka ƙwai. Ana saita zafi a digiri 37.5 zuwa 37.8, in anka ɗauke wuta sai ya koma kan batir 12V, ni na haɗa mai da ƙaramin sola kuma bai cin wuta sosai. Sai dai lambar da yake nunawa a fuska kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, sayi ma'aunin zafi na kemis ka sa ciki ka gwada tukuna, nawa akwai ɗan bambanci sai da na daidaita.

Matsalar ita ce injin ya iya ɗumama ƙwai amma bai iya sanyaya shi. A watan Afrilu da Mayu garin nan zafi na wuce 40, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ya ma fi haka, to injin da ake so ya tsaya a 37 da rabi ya za ya yi? Hita ta kashe kanta amma lamba na ta hawa, ƙararrawa na ta kuka, kuma ƙwai in ya daɗe a irin wanga zafi ɗan da ke ciki mutuwa yake, ranar da kake jiran tsaki sai ka tarar da baragurbi. Abin da ya ɗan taimaka min shi ne na maida shi ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gida, a ƙasa kusa da randa, ana yayyafa ruwa a daɓe. Duk da haka ni dai yanzu bazara in ta kankama hutar da shi nake, asarar ta fi ribar.

Hunturu kuma wata rigimar ce, iska a bushe ƙayau. Ƙwan kaza na son danshi wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, daga nan a daina juyi a ɗaga danshin zuwa 65 ko 70 har ya fashe a kwana 21. Ruwan da ke cikin tiren nan ba ya isa, kafin dare ya ƙafe, sai na riƙa ƙara soso jiƙaƙƙe a gefe. In danshi ya yi ƙasa za ka ga ɗan tsako ya huda ɓawo yana ta kuka amma fatar ciki ta bushe ta manne mai, ya kasa fita, abin tausayi wallahi. Kuma don Allah a kwanakin ukun ƙarshe a bar buɗe murfi, yara ne ke son leƙe, ni sai da na sa kwaɗo a ƙofar ɗakin.

Damina ce lokacinshi. Sannan ne ma zabi ke yin ƙwai, mutanen ƙauye na kawowa kasuwa, kuma ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi. Amma ƙwan da ya kwana biyu a rana cikin kasuwa ba na ƙyanƙyasa ba ne, na soyawa ne. Nemi wanda bai wuce sati ba, daga gidan da ka san akwai zakara, kar a wanke shi, a aje shi tsinin na kallon ƙasa. Bayan sati ɗaya a inji ka haska da tocilar waya cikin duhu, mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda yake fayau cire shi.

Agwagwa fa sai haƙuri. Tamu ta gida mai jan fuska kwana 35 take yi, waccan ta turawa 28, shi ya sa haɗa ƙwan agwagwa da na kaza a zubi ɗaya ba dabara ba ce duk da mai sayarwa zai ce maka komai yana ci, ranar da kake son tsaida juyi don kaji su agwagi da sauran tafiya. Ƙwan kuma manya ne, ba za ka samu 64 ba ko ka buɗa rolar. Daga kwana goma ina fiddo su su sha iska ƴan mintuna in fesa musu ruwa mai ɗumi, kamar yadda uwar ke zuwa ta yi wanka ta dawo ta kwanta. Gaskiya a wurina agwagwa mai kwanci ta fi injin nan fidda ɗiya, kaji da zabi ne yake yi ma kyau.

Abin da ba a faɗa maka wurin saye shi ne injin ba ya reno. In sunka fito sunka bushe kai ne uwarsu: kwali, buhun shinkafa a ƙasa, ƙwan lantarki ko tukunyar garwashi nesa kaɗan in ana sanyi, abincin tsaki na kanti a satuttukan farko kafin ka fara haɗa musu da dusa da tsakin gero. Mazubin ruwa ka zuba tsakuwa ciki, musamman ɗiyan agwagwa da ke faɗawa su jiƙe su mutu da sanyi. Rigakafin Lasota (na cutar kaji ta Newcastle) da na cutar Gumboro kar a yi wasa da shi, a saye wurin likitan dabbobi cikin ƙanƙara, in ya sha zafi a hanya ya lalace, tamkar ruwa kawai ka ba su.

Wanda ke da sola ko batir mai kyau da ɗaki mai sanyi ya saya, zai maida kuɗinshi. Wanda wutar gari kaɗai ya dogara da ita, ya ƙara kaji biyu masu kwanci ya fi mai.