Birij ɗin Gotoh 201 ko Badass II: wanne ya dace da jitar bes ɗinka?

Ɗan'uwa, tunda ka ce tsirkiya tana daidai idan ka kaɗa ta a sake, sai ka hau sama da firet na 7 (firet su ne siraran ƙarafan da ke jere a wuyan bes) sautin ya kauce, to kada ka yi gaggawar sayen birij. Sau da yawa saiti ne ya lalace, ba ƙarfen ba. Birij dai shi ne abin da masu goge da garaya suke kira jaki, aikinsa ya tsayar da inda tsirkiya ta ƙare.

Fara da sabbin tsirkiyoyi, domin tsohuwa mai tsatsa da gumi ba ta taɓa saituwa, ko wane birij ka ɗora ta a kai. Sai wuyan bes ɗin. Danne firet na farko da na ƙarshe a tsirkiyar E, wadda ta fi kauri, ka duba tazarar da ta rage a firet na 8. Ana son wajen milimita 0.3, kaurin katin kasuwanci ke nan. Idan ta wuce haka, ɗaure ƙarfen cikin wuya da alanki, rubu'in juyi kawai, ka bar shi ya kwana. Hunturu yana busar da katako ya lanƙwasa wuya, damina ta mayar da shi, shi ya sa bes ɗin da aka saita a watan Agusta yake rikicewa a Janairu. Bayan nan tsayin tsirkiya daga kan firet: kusan milimita 2.4 a E, milimita 2 a G mafi siranta, a auna a firet na 17.

Yanzu ne za ka taɓa sadul, wato ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya take hawa. Bes mai inci 34, wato tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, firet na 12 ne tsakiyarta. Saita tsirkiya da tuna, na'urar da ke nuna ko sauti ya yi daidai, sannan ka danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. In sautin ya haura, tsirkiyar ta yi gajarta: sassauta ta, ka ɗaure sukurun baya, sadul ya ja baya. In ya gaza, kwance sukurun, sadul ya matso wajen wuya. Sake saiti, sake gwaji. Kuma ka danna tsirkiyar da babban yatsa daidai gaban sadul don ta kwanta sosai, E mai kauri takan yi doro a wurin ta ruɗa tuna. Idan sadul ɗin E ya kai maƙura bai isa ba, rage sifirin ɗin bayansa da filaya.

To in ka yi duk wannan amma sadul suna zamewa gefe, ko ƙananan sukurorin tsayi sun cinye suna nutsewa da kansu, birij ya gama aikinsa.

A nan Gotoh 201B-4 na Japan ba ya ba da wahala. Ramuka biyar ne irin na bes ɗin Fender Precision da Jazz, tazarar tsirkiya milimita 19, ka kwance tsohon ka ɗaura shi ba tare da huda katako ba. Sadul ɗinsa sun zo da tsagarsu, sukurorin suna juyawa lafiya, in ka saita sai ya zauna inda ka bar shi. Abu ɗaya: gindinsa ya fi na asali kauri, wani lokaci ko ka saukar da sadul ƙasa tsirkiya tana sama. Maganinsa ka kwance wuya, ka sa siririn kati a cikin gurbin ta ɓangaren birij.

Badass II yana da nauyi da suna, shi ke nan. Ya fi tsada, kuma tsofaffin da ke yawo a hannu da yawa ba a tsaga sadul ɗinsu ba, sai an goga da zarto. Ka kuskure tsaga ɗaya, tazarar ta tafi.

Wurin ɗaurawa za ka ga wata siririyar waya ta leƙo daga katako a ƙarƙashin birij. Wayar at ce, dole ta taɓa sabon ƙarfen, in ba haka ba amfilifaya ta yi ta ƙugi. Ramin da ya buɗe kuma, cusa masa tsinken sakace da gam ɗin kafinta, ya bushe kafin ka mayar da sukuru.

Ka yi hattara da masu tallan intanet da ke ɗora hoton na gaske su aiko da jabu. Nemi hoton bayansa da na kwalinsa, a ɗora ruwla a kan ramukan ka gani da idonka, musamman in bes ɗinka kwaikwayon Fender ne, don ba dukansu ramukansu ke dacewa ba. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ya nuna maka, bar shi da kayansa.

Saita wanda kake da shi tukuna. In ya ƙi, ɗauki Gotoh, canjin da ya rage ka sayi tsirkiyoyi masu kyau.