Mutuwar yatsu da dare: me za ki saya kafin a kai ga tiyata?

Idan babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe suna mutuwa, suna zugi har su tashe ki tsakar dare kina yarfe hannu, amma ƙaramin yatsa lafiya ƙalau, akasari jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Mata sun fi maza samun wannan kusan sau 3, musamman masu juna biyu, masu ciwon suga ko matsalar maƙoƙo. Matse wanki, kitso da tuƙin tuwo kan tsananta shi.

A ganina kuɗinki na farko ya tafi kan maɗaurin wuyan hannu. A kemis za a nuna miki iri biyu. Mai roba zalla ya fi araha, amma ba ya hana hannu lanƙwashewa cikin barci, alhali lanƙwashewar ce ke danne jijiyar. Nemi mai ƙarfe ta ɓangaren tafi. Ki saka shi a shagon: hannu ya miƙe sambal, kada ya ɗago sama, yatsu suna motsi, maɗaurin bai shaƙe ba. Akwai na dama da na hagu, ki duba. Da dare ake kwana da shi, kuma a ba shi mako 4 zuwa 6 kafin a ce bai yi ba. Ga mai ciki shi ne zaɓi mafi aminci, kuma sau da yawa ciwon kan lafa bayan haihuwa.

Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi kawai, ba sa sakin jijiyar. Mai ciki ko mai gyambon ciki kada ta sha sai likita ya ce. Bitamin B6 da awarwaron maganaɗisu kuwa ba su da ƙwaƙƙwarar hujja, yawan B6 ma yana lalata jijiyoyi.

Allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, a wuyan hannu ta fi saurin aiki, sai dai ciwon kan dawo bayan watanni, kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki. Likita ne kaɗai zai yi ta, ba mai kemis ba. Sashen gashin ƙashi na asibiti kuma suna koyar da motsa jijiyar, a haɗa da maɗaurin.

Amma in tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, kofi yana suɓuce miki, ko mutuwar ta daina sakin ki dare da rana, ki daina sayen komai, ki je asibiti a duba jijiyar. A wannan matakin jinkiri na iya barin lahanin da ba ya gyaruwa.