Na shiga ɗakin yaƙin Churchill a Landan, kuma wlh kuɗina bai tafi a banza ba

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Landan, don Allah bayan hoton Big Ben ya ɗan taka zuwa Churchill War Rooms, ba nisa daga tashar jirgin ƙasa ta Westminster, ƙofar ma ƴar ƙarama ce a gindin ginin ma'aikatar kuɗi, in ba ka lura ba sai ka wuce ta. Ka sayi tikitinka ta intanet tun kafin ranar, wajen na cika sosai. Da ka shiga za su ba ka wata ƴar na'ura kamar waya kana karawa a kunne tana maka bayani, duk a cikin kuɗin tikitin.

A ƙarƙashin ƙasa wajen yake, nan Winston Churchill, firaministan Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, da ministocinsa suka riƙa zama lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bamabamai a gari, an yi aiki a wajen daga 1939 har 1945, sau 115 majalisar yaƙi ta zauna a ciki. Lungu lungu ne matsattsu, ba taga ko ɗaya, har allo suke da shi da ke gaya wa ma'aikata yadda gari yake a waje. Kujerar Churchill na nan, hannunta duk ya ƙwarzane saboda yadda yake ƙartarsa in zama ya yi zafi. Akwai wani ɗan ɗaki da aka ce wa mutane ban ɗakin firaminista ne, ashe waya ce a ciki da yake magana da shugaba Roosevelt na Amurka.

Amma ni ɓangaren tarihin rayuwarsa ya fi riƙe ni, wanda aka ƙara a 2005. Da ni dai sigarinsa da yatsu biyun da yake ɗagawa kawai na sani, ashe mutumin ya sha faɗi tashi, an haife shi 1874, yana saurayi ya yi yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, aka kama shi a Afirka ta Kudu ya tsere, ya sauya jam'iyya har sau biyu, asarar yaƙin Gallipoli a Turkiyya ta 1915 ta ci kujerarsa ta ministan sojan ruwa, bai zama firaminista ba sai Mayun 1940 yana shekara 65. Kuma abin mamaki, ana gama cin Jamus ƴan ƙasarsa suka kayar da jam'iyyarsa a zaɓen 1945, ya sauka salin alin, sai 1951 ya dawo. Ba waliyyi ba ne fa, ɗan mulkin mallaka ne na gidi, mutanen Indiya har yau suna tuna masa yunwar Bengal ta 1943.

Ɗakin taswira na bari ƙarshe. An bar shi yadda yake ran da aka kashe fitila a watan Agustan 1945, wayoyi kala kala jere a tebur, taswirar bango duk ta huje da allurai, har sukarin da wani hafsa ya ɓoye a durowa yana nan. Na daɗe a tsaye, tunanin kakanninmu kawai nake da aka kwasa daga Kano da Zariya da Sakkwato aka kai dajin Boma yaƙar Japan, wasu ba su dawo ba.

Ware awa uku, biyu ba za ta ishe ka ba.