The Quiet Year: wasan da muka zana garinmu da hannunmu a Gombe

The Quiet Year wasan labari ne da ake yi a zaune, mutum biyu zuwa huɗu, da farar takarda guda ɗaya a tsakiya. Avery Alder, 'yar ƙasar Kanada, ta fitar da shi a 2013. Na sayi fayil ɗinsa ta intanet, na kai wani shagon kwamfuta a Tudun Wada aka buga mini, muka riƙa yinsa da abokai a zauren gidanmu bayan isha'i. Ya ci kuɗinsa har da riba. Sai dai wanda ya saba da wani wasan labarin mai suna Dungeons & Dragons ya sani tun yanzu cewa daɗin da ke nan daban ne da wanda ya sani a can.

Mu ma daga can muka fito. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, an gina shi ne a kan mutum ɗaya mai jan ragama. Shi ya san taswira, shi ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, sauran kuma kowa ya riƙe jaruminsa. Kamar dai mai tatsuniya ne da masu amsa masa "ta zo mu ji ta", illa a nan masu sauraron suna da ikon juya akalar labarin. Ni ne nake jan ragamar a akwatin 'yan koyo na 2014, mai ɗauke da labarin Lost Mine of Phandelver, wanda ke faruwa a kewayen ƙauyen Phandalin cikin duniyar Forgotten Realms ta Ed Greenwood. An tsara labarin da kyau. Ƙarfinsa shi ne sirri: in 'yan wasa suka laluba kogo suka tarar da abu, sun san abin yana nan tun kafin su zo, ba don su aka ƙirƙire shi a wannan minti ba. Na ga yadda hakan ke sa zaure ya yi tsit.

Amma mutanena ba su taɓa jin ƙauyen a ransu ba. Sunayen sun yi musu nisa, sai in ji an ce "wannan mutumin na kanti" ko "dattijon nan na jiya". Da a ce ƙauyen ya ƙone, ganimarsu kawai za su tambaya. Ni kuwa da na kwana ina karanta shafukan ina mayar da su Hausa a kaina, ni kaɗai nake ƙaunar wurin.

A The Quiet Year babu mai jan ragama, babu shirin da wani zai yi a gida. Abin da aka ba ku kaɗan ne: wata ƙaramar al'umma ta fito daga dogon yaƙi, tana da shekara ɗaya ta kwanciyar hankali kafin wasu baƙi su iso a lokacin sanyi, wasa ya ƙare. Ba a faɗi ko su waye baƙin ba. Da farko kowa zai zana abu ɗaya a taswira, kowa ya ambaci wani abin buƙata na rayuwa, sai a zaɓi ɗaya ya zama a wadace, sauran duk ana ƙarancinsu. Daga nan sai karta mai 52: kowane kati mako guda ne, alamomin huɗu kuma lokutan shekara huɗu. Wanda layi ya zo kansa zai ja kati, ya karanta tambayar da ta dace da shi, ya amsa, ya zana amsar. Sannan ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya gano sabon abu, ya buɗe shawara, ko ya fara wani aiki. In aiki ne, sai a ɗora ƙwayar ludo a wurin, a nuna makonnin da zai ci daga ɗaya zuwa shida, kowane mako a rage ɗaya. Katin da ke kawo baƙin yana ɓoye cikin katunan sanyi, babu wanda ya san makon da zai faɗo.

Lokutan da ke cikin littafin wasan na ƙasashen ƙanƙara ne, don haka muka mayar da su bazara, damina, kaka da hunturu. Baƙin ma muka ce da hazo za su zo. Wannan ɗan gyaran ya zauna daram, bai taɓa ko doka ɗaya ba.

Abin da ya fito a takardarmu Gombe ce a cikin wata riga. Ƙanina ya zana kwari ya raba garin biyu, don duk wanda ya tashi a nan ya san yadda zaizayar ƙasa ke cin gidaje da damina. Da aka zo abin buƙata, wani ya ce ruwa, babu wanda ya yi musu da aka sa shi a layin ƙaranci. Ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ake nufi da jiran mai kura da jarkoki ba. Wani abokinmu malamin tarihi ne ya fi ba ni mamaki. Da kwarin ya cinye rumbuna a tsakiyar damina, sai ya buɗe shawara cewa a tashi garin gaba ɗaya, ya kuma tuna mana cewa masarautar da Buba Yero ya kafa a Gombe Abba ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma a 1919, inda muke zaune yanzu. Ƙanina ya ɗago ya ce, "Malam, ita rijiyar da muka yi mako shida muna haƙa fa, a bar wa wa?" Muryarsa har rawa take. Rijiyar nan da'ira ce da biro, amma shi ya zana ta, shi ya riƙa rage mata ƙwaya mako bayan mako.

Dokar shawara ita ce ta fi burge ni, ita ce kuma ta fi ba mu wuya. Kowa zai tofa albarkacin bakinsa sau ɗaya, a taƙaice, kuma ba a yanke hukunci a ƙarshe. Ba a katse mai magana, ba a musu a gefe. In an yi abin da bai yi maka ba, ko an wuce ba a tuntuɓe ka ba, sai ka ɗauki alamar ɓacin rai ka ajiye a gabanka. Mu ƙwallon dabino muka yi amfani da shi. Mutanen da suka saba da majalisa, inda uku ke magana lokaci guda, sai ga su sun yi gum suna kallon ƙwallaye na taruwa a gaban aboki. Ta ciki na ciki, kuma kowa na gani. Ban taɓa ganin wasan da ya kama yadda ƙorafi ke taruwa a unguwa kamar wannan ba.

Ga inda ya gaza wa wasu. Ba ka da jarumi naka. Kana magana ne da yawun wani ɓangare na al'umma, yau matasa, gobe dattawa, don haka ba ka shiga jikin mutum ɗaya ka ji tsoronsa. Sirri ma babu, tunda duk abin da ke taswira a gabanka aka ƙirƙire shi. Ɗaya daga cikinmu ya faɗa mini a fili: "Yaya, ni so nake in buɗe ƙofa ban san me ke ciki ba. A nan kuwa ni ake tambaya me ke ciki." Gaskiyarsa ce. Akwai mai nutsewa cikin labari in an ɓoye masa, akwai mai nutsewa in an ba shi biro, kuma wasan nan na biyun kawai yake yi wa hidima. Haka nan in akwai mai jin nauyin magana, ko wanda ya zo a gajiye daga kasuwa, katinsa kan zama nauyi, wasa ya yi sanyi a layinsa.

Abin da muke yi yanzu shi ne haɗa biyun, kuma shi nake ba da shawara. Mun kammala shekarar, na naɗe taswirar na tafi da ita ɗaki, na zauna ni kaɗai na yanke ko su waye baƙin hazo da abin da ke ƙarƙashin tsohuwar rijiya. Sannan muka koma dokokin Dungeons & Dragons, kowa da jaruminsa, a cikin garin da suka gina. Aikin shirina ya ragu sosai, sunaye kuma babu mai mantawa, don su suka raɗa. Ranar da na ce an ga hayaƙi ta wajen rumbuna, ban gama rufe baki ba suka bar abin da suke yi suka nufi can.

Ga mai son gwadawa: tambayoyin da Turanci suke, sai a samu mai fassarawa nan take, ko a rubuta su da Hausa tun da wuri. Katin Whot ba zai yi ba, don alamominsa biyar ne, sai karta mai alama huɗu. Babu kuɗi a ciki, babu mai ci babu wanda aka cinye, amma in ganin karta da ƙwayar ludo zai sa manya a gida su zaci caca ce, a yanka kwali 52 a rubuta lamba da lokacin shekara a kai, aiki ɗaya suke yi. Cikakken wasa kan ci awa uku zuwa huɗu. Littafin ya ba da hanyar gajarta shi ta rage katuna daga kowane lokaci, ita muke bi a daren da wasu za su fita aiki da sassafe.