Hanya biyu ta ƙirga lambobi masu φ ɗaya

Aikin φ na masanin lissafi Euler, wato φ(n), yana ƙirga lambobi daga 1 zuwa n da babu lamba sama da 1 mai raba su tare da n. To, lambobi nawa ne φ ɗinsu ya zama 8?

Hanya ta farko ita ce bin lambobi ɗaya bayan ɗaya har 128, domin n ba ya wuce 2m² idan φ(n) = m, kuma a nan m = 8. Ba ta kuskure, sai dai akwai gajiya.

Ta biyun ta fi burge ni. Lambar firam ita ce lamba sama da 1 da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Idan firam p ta raba n, dole p−1 ta raba φ(n). Don haka a nemo lambobin firam p waɗanda p−1 ke raba 8: su ne 2, 3 da 5. Daga gare su kaɗai ake gina amsa: 15, 16, 20, 24, 30. Biyar cif. Ita ce kuma ke nuna dalilin da ya sa babu lamba ko ɗaya da φ ɗinta ya zama 14.